Fiyano Uku da Muryar Barikisu

Ranar Litinin za a yi wa Barikisu aiki a maƙogwaro. Likita ya gaya mata, cikin irin natsuwar wanda ba shi za a yanka ba, cewa za ta rayu, amma kada ta sa rai da muryar. Shekara da shekaru tana waƙa a bukukuwan unguwar Nima, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar muryarta a faifai. Mutane sun zaci abin da suke ji kullum ba ya ƙarewa.

Shi ya sa ranar Asabar da hantsi ta hau benen situdiyon ɗan ƙanenta, Zulkarnaini, a unguwar Maamobi: ɗaki guda a saman shagon shinkafa, an manne bangon da kwalayen ƙwai.

Fiyano uku gare shi. Akwai babba baƙi da abokinsa ya aiko daga Jamus, wanda yake gogewa da safe tun bai wanke fuskarsa ba. Akwai na tsakiya, na yi wa mawaƙan cocin Alajo aiki. Sai wani tsoho mai gefen katako da ya tsinta a kasuwar Abossey Okai cikin kayan mota, a kansa yake ajiye kofin shayi.

"Gwaggo, da na Jamus za mu yi. Akwai goge a ciki, akwai kalangu, komai da komai."

"Mai gogen yana ciki?"

"Ba a buƙatarsa."

"Ashe. Allah ya ji ƙansa."

Ta tsaya gaban makirfo ta rera waƙar lalle. A fuskar kwamfuta Zulkarnaini ya ga muryar tana faɗawa tsakanin layuka, ba ta sauka inda fiyanon ya sauka. Tausayi ya kama shi, ya ce a ransa ciwon ne. Ya sa kwamfuta ta daidaita kowane sauti, sannan ya kunna mata. Murya ta fito sumul, irin ta matar nan da ke cewa layin da ka kira a kashe yake.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Gwaggo. Na ɗan gyara ne."

"To ka gaishe ta." Ta ja mayafinta. "Ɗan nan, na yi waƙa da masu goge tun ubanka yana yawo ba wando. Ba wanda ya taɓa ce mini in bi shi. Su ke bi na."

Har ta kai ƙofa, sai ya ɗauke kofin shayin daga kan tsohon fiyanon. Tsohon fiyanon ba shi da goge, ba shi da kalangu, sauti ɗaya ne mai kauri, sai wani ɗan maɓalli da ake murzawa sautin ya hau ko ya sauka a hankali, ba tsalle.

"Don Allah, Gwaggo, riƙe min murya ɗaya."

Ta riƙe. Ya yi ta murzawa har sautukan biyu suka daina karo, suka zama ɗaya. Wurin yana tsakanin madannai biyu, inda na Jamus ba shi da komai.

Ta sake farawa, yana biye da ita da hannun hagu. A baiti na biyu ya lura ta komo daidai wurin nan. A na uku ma haka, ko kaucewa babu. Abin da kwamfuta ta kira kuskure, wurin take nufa tun farko, da ciwon da komai. Tsohon akwatin yana nishi a bayanta, yana lanƙwasa inda ta lanƙwasa, har ya kasa bambance wanne ne na wuta wanne ne na maƙogwaro. Sai da ta dire ya ɗauke hannunsa daga maɓallin.

Ya kunna mata abin da ya ɗauka daga farko. Ta saurara a tsaye, ido a rufe, har ƙarshe.

"Ka ajiye wannan a wuri biyu," in ji ta. "Yanzu likita ya yi abin da ya ga dama."