Tirelar Cikin Waya

Tirelar ta iso bakin gada, sai hoton ya tsaya cak, rubutu ya rufe gilashin wayar kamar kullum. Direba bai iya karatun boko ba, amma ya haddace abin da ake nufi: wasan gwaji ya ƙare, mai son wucewa gaba ya biya.

Ya kifa wayar a cinyarsa. A kan bencin asibiti yake, ƙofar ɗakin da ake motsa wa masu shanyewar ɓarin jiki gaɓoɓi. Hannunsa na hagu yana kwance a ƙafarsa kamar na aro.

"Yau ma a gada za a kwana?" in ji mahaucin da ke kusa da shi, wanda ciwon ya karkatar wa baki. "Ni dai ban taɓa ganin direban da ke tsoron gada ba sai kai."

"Kai fara riƙe wuƙa tukuna, sannan ka yi min maganar tuƙi."

Auta, 'yarsa da ta rako shi, ta yi dariya ta ɗauki wayar. Ita ta sauke masa wasannin bayan an sallamo shi, saboda likita ta ce ya riƙa ba yatsunsa aiki. Duk na gwaji ne, kyauta. Na ƙwallo ya ce aikin banza. Na harbi ya ce a cire masa, ba ya son haukan yara. Na tirelar nan kawai ya riƙe. Da hannu biyu ake kama wayar, a karkata ta dama ko hagu kamar sitiyari.

"Baba, don Allah ka bari in saya maka. Kuɗinsa ko na motar da ta kawo mu bai kai ba. Bayan gadar fa akwai dutse, akwai kwana-kwana, har ruwan sama ake yi."

"Na ce miki ba yanzu ba."

Ba kuɗin ne ya hana shi ba. Hanyar gwajin miƙaƙƙiya ce, shimfiɗaɗɗiya, ko makaho zai bi ta. Hannun dama ke yin komai, na hagu tallafe wayar kawai yake yi. A kan wannan hanyar ya dogara ya gaya wa mai motar da ya yi wa tuƙi tun Auta tana goye cewa hannu ya dawo. Mai motar ya ce to, kaya na jira, yau yake son jin magana ɗaya: ko Direba ya zo ya karɓi makullinsa, ko a ba wani. Likita kuwa kullum maganarta ɗaya ce, ana samun sauƙi. Mahaucin ma haka take ce masa, ga shi har yanzu miyau na zubo masa.

Direba ya dubi hannun. Ya ce masa dunƙule, a zuciya. Yatsu uku suka ji, biyu suka yi kunnen ƙashi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Saya."

Ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta latsa abin da za ta latsa, suka zauna suna kallon wani layi yana cika a hankali. Mahauci ya matso har kafaɗarsa na gugar ta Direba.

Direba ya karɓi wayar, ya tayar da motar. Ya haye gadar a hankali, yadda ya saba haye ta gaske da kaya a baya. Hanya ta fara hawa. Ga kwana ta farko, ta dama, mai faɗi. Ya karkata wayar, motar ta bi.

"Sai Direba!" in ji mahauci.

Gumi ya tsattsafo wa Direba a goshi. Gangara ta zo, a ƙarshenta kwana ta hagu, matsattsiya, da rami a gefe. Nauyin wayar ya koma kan hannun hagu. Hannun ya fara rawa. Ya cije leɓe, ya ce masa riƙe. Yatsun suka buɗe da kansu, wayar ta sulale ta faɗa kan rigarsa. Da ya ɗago ta, tirelar na kwance a ramin, tayoyi sama.

"Ba komai, Baba, kowa ma a nan yake faɗuwa. Sake."

Ya sake. Wannan karon ya rage gudu tun daga saman gangara, ya manne wayar da tafin hannu. Ya shiga kwanar, ya kusa fita, sai hannun ya yi sanyi, motar ta tsallaka ɗaya hannun titin. Wata doguwar bas tana tahowa. Wayar ta yi ƙara, gilashin ya yi ja.

Direba ya taɓa tsayawa a inda irin wannan ta faru da gaske. Shi da wasu suka riƙa jera mutane a bakin titi, ana neman abin da za a rufe su da shi.

"Wasa ne fa, Baba," in ji Auta, muryarta ƙasa ƙasa. "Ba mutane a ciki."

"Kira min mai motar."

"Ka bari mu ga likita mana."

"Kira shi, na ce."

Ta kira, ta sa masa a kunnen dama. Ya gyara zama kamar mai motar yana gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Maganar da na gaya maka ta hannu, ba haka ba ne. Ka ba wani motar."

Can ɓangaren ana jin ƙarar injuna da hayaniyar masu lodi.

"Ai ba komai, Direba," in ji mai motar. "Tun makon jiya na bayar. Nauyin gaya maka na ji. Allah ya ƙara sauƙi."



"To. Madalla. Amma a gaya wa wanda aka ba, giya ta uku tana zamewa a gangara, kada ya yarda da ita. Birkin baya kuma sai an taka sau biyu. In ya ji tana wani kuka daga ƙasa, ba komai ba ne, haka take tun..."

Auta ta taɓa kafaɗarsa.

"Baba, ya kashe."

Bai ɗauke kunnensa daga wayar ba. Sai da ya ƙarasa bayanin tsaf, har da na fitilar hagu.