Muryar Baba a Ɗakin Intabiyu

"Yaro, ni dai na buɗe ban ga komai ba," in ji shugabar sashen taimakon kwastomomi, ta shaƙe murya irin ta tsofaffi. "Hotunan duk sun tafi."

Haka take gwada masu neman aiki a wannan katafaren kamfanin manhaja. Sai ta juya wa mutum baya, ta maƙala abin magana a kunne, ta zama kwastoma. Yau muryar mahaifinta ta ara, har da matsalarsa. Mako uku ke nan da hotunan marigayiya mahaifiyarta suka ɓace daga wayarsa. Ita da take horar da mutum arba'in a kan wannan aiki ta yi iya yinta, abin ya gagara.

Gurbi ɗaya ne, masu nema uku. Biyun farko sun zubo matakai kamar karatun hadda: a kashe waya, a kunna, a sabunta manhaja. Duk ta riga ta gwada su a gida.

Na ukun tsohon malamin firamare ne, rigarsa ta jiƙe da gumi duk da sanyin ɗakin. Injiniyan da ke zaune gefenta ya riga ya turo mata takardar malamin, ya zagaye makin jarrabawar da aka yi musu tun farko da jan biro.

Malamin bai kawo mataki ko ɗaya ba. Ya gaishe da tsohon, ya tambayi hotunan wane ne. Da ta faɗa, sai ya yi ta'aziyya. Wannan kam ba ya cikin wasan. Sannan ya roƙi tsohon ya karanta masa duk abin da ke saman allon, ko wanda bai gane ba. Nan ta fara kame-kame. Ba ta taɓa duba wajen ba.

"Baba, wa yake taɓa maka wayar ban da kai?"

"'Yata mana. Ita ce gwanar."

"Gwanaye ba su cika ɓatar da abu ba. Wa kuma? Wanda kan ce kawo in gyara maka, minti biyu?"

Autansu ne ya faɗo mata a rai, ranar da ya karɓi wayar zai sauke wa Baba wani abu. In fita ya yi daga asusun Baba a manhajar ya shiga da nasa, ai hotunan suna nan lafiya, ƙofa kawai aka canja.

Malamin ya ce gaskiya bai san yadda ake komawa tsohon asusu a wannan manhaja ba, amma kada a goge komai, zai tambayo ya kira.

Da ya fita, injiniyan ya ce mutumin kirki ne, sai dai ko rabin jarrabawa bai ci ba, kuma ita za ta amsa tambaya a gaban manya in ta ɗauke shi. Ya miƙa hannu zai tattara takardun.

"To wai amsar tasa ma daidai ce?" ya tambaya.

"Ni ma abin da nake son sani ke nan," ta ce.

Ta dafe takardar malamin da gwiwar hannu, ta lalubo lambar autan.