Kwanon Gidan Saminu Tela

Hadarin ya taso daga gabas bayan azahar, wata ranar Talata a farkon damina. Ikilima tana tsakar gida tana kwashe shanya ta ga sama ta yi ja, can kuma ta yi baƙi ƙirin. Kaji suka shige akurki da kansu. Ta san irin wannan hadarin: iska ce a gaba, ruwa a baya.

Gidan yana bakin garin Daura ta hanyar Zango, inda babu manyan itatuwa da za su tare iska. Ɗaki biyu ne a jere ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, sai zaure na soro. Mutum biyu ke ciki, Ikilima da surukarta Haulatu, wadda kowa ke kira Inna. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Saminu tela, mijin Ikilima, 'ya'yansu kuwa duk suna Kano. Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin ɗanta ya rasu. Ba ta iya tashi, amma bakinta lafiya lau.

"Ke Ikilima! Zo ki rufe min tagar nan kafin ta cika min ido da ƙasa."

Ikilima ta rufe taga, ta sa sakata, ta tokare ƙofa da turmi. Da ta ɗaga kai sai ta ga kwanon yana ɗagawa yana komawa kamar ƙirjin mai barci. Ba ta tsaya shawara ba. Ta kama Inna ta hammata, ta sauko da ita ƙasa, ta tura ta ƙarƙashin gadon ƙarfe.

"Ni za ki cusa nan kamar tsohuwar kwalla?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Matsa kanki ciki."

Ta shiga ita ma, ta kwanta ta bakin gadon, ta kare tsohuwar da jikinta. Daga nesa wani ya soma kiran salla, wani ya amsa daga wani gefen, iska ta shanye muryoyin duka. Sai ƙusoshi suka fara kuka. Falle ɗaya ya ɗaga, haske ya shigo ɗakin ta inda bai taɓa shigowa ba, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wani katako ya faɗo kan katifa, gadon ya girgiza amma bai karye ba. Inna tana ta salati, ruwa yana bin ƙasa yana shiga ƙarƙashinsu.

Abin bai kai awa ɗaya ba. Da iska ta lafa, Ikilima ta goya Inna da zane, ta ratsa ruwan tsakar gida har idon sawu, ta kwantar da ita a zaure kan tabarmar da ta rage a bushe. Ta duba ta daga kai har ƙafa. Ko ƙwarzane babu. Ta ce alhamdulillahi sau uku, sannan ta fita ƙofar gida ta ga unguwa.

Rabin gidajen a buɗe suke ta sama. Turakun wuta sun kwanta, katangar wani ta danne masa awaki, amma ba a rasa rai ba. Kwanuka kuwa sun watsu ko'ina, cikin gonaki, kan bishiyar darbejiya, har bayan maƙabarta. Kafin magariba mai unguwa ya sa aka yi shela: duk wanda ya tsinci kwano ya kai filin masallaci, kada kowa ya ɗauki komai sai da safe, a gaban jama'a, kowa ya faɗi shaidar nasa.

Ikilima ta san shaidar nata sarai. Faɗinta ne ba ta so.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin da za a rufa ɗakunan, Saminu ya yi sa-in-sa da Dabo kafinta, taubashin Inna, wanda shi ya rufa kusan kowane gida a unguwar. Saminu ya ce a gaban mutane wai buga ƙusa ba karatu ba ne, mai iya zura zare a allura ba zai kasa ba. Dabo ya rantse ƙafarsa ba za ta taɓa hawa wannan rufin ba. Saminu ya sayo kwano mai kauri, ya hau da kansa. Kafinta a doron kwano yake buga ƙusa, inda ruwa ba ya tsayawa. Saminu ya ga kwari ne ya kwanta daidai kan katako, ya fi sauƙin bugu, ya jera ƙusoshinsa duk a nan, tsaf kamar ɗinki, daidai hanyar ruwa. Ruwan farko ya nuna masa kuskurensa. Bai taɓa yarda a faɗa ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Duk shekara kafin damina, ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci, takan narka kwalta a gwangwani, ta kafa tsani, ta bi ƙusoshin ɗaya ɗaya tana liƙewa. In maƙwabta suka tambaya ko ɗaki na yoyo, sai ta ce ko ɗigo.

A zaure suka kwana. Da gari ya waye Inna ta tashi da tari, gabas kuma ta soma tara wani farin gajimare tun da sassafe. Zauren ɗan ƙarami ne, ba shi da ƙyaure, feshi kaɗai ya isa ya jiƙa mai kwance. Ikilima ta sa hijabi, ta roƙi matar maƙwabci ta zauna da Inna, ta nufi filin masallaci.

An jibge kwanukan kashi kashi. Waɗansu sun nannaɗe kamar takarda, ba sa moruwa. Masu fenti an rabu da su nan da nan, kowa ya san launin gidansa. Rigimar tana kan farare. A gefe guda an ware waɗansu masu kauri da iska ta lanƙwasa kaɗan kawai, Ma'arufu mai sayar da dabbobi yana tsaye kansu ya ɗora ƙafa ɗaya. Rumfar tumakinsa ce ta tashi, kuma gidansa na bayan nata, iska ta haɗa kayansu ta zubar a gona ɗaya.

"Ranka ya daɗe, waɗannan nawa ne," ya ce wa mai unguwa. "A gonar Sama'ila na same su tare da ƙyauren rumfata. Ni ba na sayen kwano marar kauri, kowa ya sani."

Ba ƙarya yake nufin yi ba, Ikilima ta ga haka a fuskarsa. Mai unguwa ya ɗaga murya ya ce akwai mai magana? Ta tsaya daga bayan maza. Ta ga Dabo zaune kan benci da hularsa a gwiwa, ya tsufa, yana kallon kwanukan. Ta ga mutum uku ko huɗu da suke wurin ranar da Saminu ya yi maganar allura. Ta waiwaya gabas. Gajimaren ya ƙara tudu.

"Ranka ya daɗe, na gidanmu ne," ta ce.

Aka buɗa mata hanya. Ma'arufu ya sauke ƙafarsa.

"Haba Yaya Ikilima, kwano ai duk kwano ne. Da me kika gane?"

"A duba inda ƙusa ta shiga." Ta matsa kusa da kwanukan. "Marigayi da kansa ya rufa. A kwari ya buga, duka. Kwaltar da ke bakin kowane rami ni na liƙa."

Wani ya yi dariya ta hanci, na kusa da shi ya zungure shi. Ma'arufu ya durƙusa ya duba, ya ga ramukan a kwari. Sai ya kama gefen fallen ya kifa shi.

"To ga su a doro. Kwano in yana ƙasa ai ba shi da sama ba shi da ƙasa."

Nan ne Dabo ya sa hularsa ya taso. Ya zo yana ɗingishi, ya shafa fallen da tafin hannu, ya sake juya shi.

"Ma'arufu, kai dai tsaya kan haƙoran tumaki. Ga ɓangaren da ya sha rana, ya dushe, ga tsatsa, ga kwalta. Ga na ciki, har da baƙin hayaƙin garwashin Haulatu. Rumfarka ni na buga ta, kuma ban taɓa sa ƙusa a kwari ba ko ina maye." Ya bi layin ramukan da yatsa. "Dubi tazararsu, ko ɗaya bai goce ba. Wannan aikin tela ne. Allah ya jiƙan Saminu."

Aka amsa da amin. Ma'arufu ya ce wallahi bai lura ba, a yafe shi. Ikilima ta ce ba komai. Kunya ta hana ta ɗaga ido, amma ta ga Dabo bai saki fallen ba. Yana juya shi, doro, kwari, doro, yana wani gyaɗa kai.

"Kai kuwa da shirmenka ka faɗi gaskiya," ya ce wa Ma'arufu. "Ɗauko min su, kai gidan."

Ba duka aka samu ba. Abin da ya tsira zai rufe ɗaki ɗaya ne da ɗan saura. Ikilima ta ce na Inna za a rufa, ita ta koma can. Ma'arufu da ƙanensa Usman suka kwaso kwanukan a ka, sannan Ma'arufu ya koma ya zaro katako biyu masu lafiya daga rusasshiyar rumfarsa, ya kawo ya ajiye. Dabo ya iso da guduma da jakar ƙusa, ya leƙa zaure.

"Haulatu, ashe iska ma ta duba ta ga ba ki da amfani ta bar ki?"

"Ta zo neman tsofaffin kafintoci ne, na ce ta yi gaba. Me ya kawo ka? Ba kai ka rantse ba?"

"Rufin da na rantse a kansa yana gonar Sama'ila tun jiya. Wannan sabo ne."

Aka buge lanƙwasar kwanukan a ƙasa da itace. Usman ya hau, Dabo ya bi shi a hankali, Ikilima tana riƙe da tsani. Kowane falle aka miƙa sai Dabo ya ce a kifa shi, cikin ya koma waje. Ramukan Saminu duk suka dawo doro. Da yake a jere suke daidai, sai Dabo ya daidaita katako da su, ya riƙa sa ƙusa a tsofaffin ramukan ba tare da ya huda sabo ba. Inda iska ta yage bakin rami ya ɗora gefen wani fallen a kai.

Ikilima ta tsaya tana kallo. Shekara goma sha huɗu tana hawa da gwangwanin kwalta, ashe abin da ake buƙata ke nan. Ta rasa ko dariya za ta yi. Sai ta shiga ta dama fura mai yawa, ta miƙa musu sama a ƙwarya.

Ana kiran la'asar iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Dabo ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya sauko yana riƙe da ƙugu. Ikilima ta durƙusa har ƙasa.

"Baba Dabo, ban san da bakin da zan gode ba. Allah ya saka da alheri, ya raba ka da wahala."

"Tashi, tashi. Kai ta ciki kafin ya sauko."

Ta share ɗakin, ta shimfiɗa tabarma da bargon da maƙwabta suka aiko, domin katifar ba ta bushe ba. Ta goyo Inna ta kwantar. Ma'arufu da Usman suka ruga gida, Dabo kuwa ƙafarsa ba ta gudu, ruwan ya tsare shi a zaure.

Wannan karon ruwa ne zalla, mai ƙarfi, ba iska. Inna ta kwanta tana kallon sama, inda tsohuwar tsatsa da ɗigon kwalta suka dawo ciki.

"An ce kin faɗa musu."

"Na faɗa, Inna."

Tsohuwar ta yi tari kaɗan.

"To. Ɗinki dai ya iya."

Ikilima ta zaga ɗakin tana shafa bango, ta duba kusurwoyi huɗu, ta tsaya tsakiya ta buɗe tafin hannu. Babu komai. Ta zauna bakin tabarma.

Daga zaure muryar Dabo ta ratso ƙarar ruwan.

"Haulatu! Yana zuba?"

Ikilima ta yunƙura za ta amsa, Inna ta riƙe mata zane da hannunta mai lafiya.

"Zauna. Bar shi ya ɗan jira."