Dutse Mai Aman Wuta a Shagon Kafinta

Tun da kafinta ya rabu da matarsa, ranar Asabar kaɗai ake kawo masa 'yarsa shago. Wannan Asabar kuwa ita ce ta ƙarshe, don uwar ta samu aiki a wani gari mai nisa, za su tashi.

Yarinyar ta taɓa tambayarsa ko akwai duwatsu a sama, ya yi ta kame-kame. Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi ta karance-karance a waya, sannan ya kwaɓa laka, ya gina dutse a kan teburin aikinsa, ya huda masa baki.

Da ta iso ya ɗora ta a kan benci.

"Mamana, akwai wata duniya ja, sunanta Mas. A can akwai dutse mai aman wuta, ya ninka dutse mafi tsawo na duniyarmu fiye da sau biyu."

"Ya fi ka tsawo, Baba?"

"Da kaɗan," in ji shi.

Ta ƙyalƙyale da dariya. Ya ce mata can cikin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse ya koma kamar ruwa. In ya taru sai ya ɓullo ta baki, ya malalo, ya daskare, wani ya hau kan wani, har dutsen ya girma.

"Mutane ba sa ƙonewa?"

"Babu kowa a can. Kuma ya daɗe bai yi aman ba."

Ya zuba garin bekin soda na yin kek da jar kala a bakin dutsen, ya miƙa mata kofin ruwan lemun tsami. Tana juyewa kumfa ya taso, ya gangaro har kan zartonsa. Ta yi tsalle tana tafi.

"A sake! A sake!"

Sai ga ƙarar hon ɗin mota a waje. Uwar ce, ta zo da wuri.

Yarinyar ta ce sai dai a tafi da dutsenta. Ya sa hannu biyu zai ɗaga, ashe lakar ba ta gama bushewa ba. Dutsen ya rabe, ya zube a ƙasa.

Ta fashe da kuka. Ya ce zai gina mata wani, ta ce yaushe, ya sunkuya yana tattara lakar. Uwar ta gaishe shi a taƙaice, ta ɗauke ta.

Ya tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Sai da mai shagon kusa ya yi masa magana sau biyu kafin ya ji.