Sunan Ɗan Fari a Bakin Barakatu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kaɗa wa Barakatu 'yar Ruwan Godiya kalangu, kuma ban taɓa ganin mai cika fili irinta ba. In ta fito wasan kwaikwayo ta ɗaga murya da waƙa, masu tsire ma barin wutarsu suke yi su taho. A shekarar da arzikin man fetur ya sa kowa sayen rediyo da babur, aka ce gidan talabijin na Kaduna zai aiko mutum garin Sabuwa ya ɗauki wasanmu. Murna har ta hana mu cin abinci.

Matsalar ɗaya ce. Malamin da ya rubuta wasan baƙo ne, ya sa wa ɗan da ya ɓata a labarin suna Maharazu, kuma a waƙar ƙarshe uwar za ta kira shi sau uku. To, Maharazu sunan ɗan farin Barakatu ne, direban motarmu, ƙato mai shekara ashirin da biyu. Tun da aka raɗa masa sunan ba ta taɓa furta shi ba, don kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa.

Malam ya kafe ba zai sake suna ba, wai takarda ta riga ta tafi Kaduna. Sai muka yi dabara: duk inda sunan ya zo, in narka wa kalangu duka, ita kuma ta motsa baki kawai. A Ƙanƙara dabara ta ci, a Faskari har guɗa aka yi mini, na fara jin kaina wani ne.

A Sabuwa, ran kasuwa bayan la'asar, mutumin Kaduna ya kafa na'urarsa ya saurari gwaji. Ya ce in kiɗa ya sake danne murya, zai naɗe wayoyinsa ya kama hanya. Barakatu ta ja ni gefe.

"Gide, mi za ni yi? Tsofaffin garinmu duk sun taho."

Na ce mata ni dai kiɗa na sani. Amma wallahi tausayinta ya kama ni, don duk shekarunta na wasa wannan rana suke jira.

Fili ya cika, har kan bishiyoyi mutane ne. Ta taka rawa, ta ba da dariya, ta sa mata hawaye. Da waƙar ƙarshe ta zo, na ɗaga makaɗi sama na riƙe. Ta rufe ido, ta ja numfashi, ta saki sunan da dukan muryarta. Tsofaffin matan suka rufe baki da mayafi. Ta sake kira. Hadi, mai fitowa a matsayin ɗan, yana bayan zana yana jiran kira na uku.

Ba ta kai ga na ukun ba. Daga can gindin motarmu wata ƙatuwar murya ta taso.

"Na'am, Inna."