Barcin Ɗan Fari

Shekarar da Nasara ya matsa wa mutanen Arewa da aikin hanya, ita ce shekarar da Kubra ta yi cikin fari. 'Yan sandan kumandan, Baturen mulki, suka zo daga Dutsi, suka shiga ƙauyensu da ke gefen Sukukutane suka tasa maza a gaba, har da mijinta Jibo. Bai ishe su ba, suka bi ta garin iyayenta suka kwashi matan da za su yi wa 'yan aikin daka da ɗiban ruwa, uwarta na ciki. Mai cikin fari kuwa gidan uwarta take komawa ta haihu, kowa ya san haka. Kubra ba ta da inda za ta koma, gidan nasu ƙaya aka ja a ƙofarsa. Haka ta durƙusa a gidan miji, a hannun surukarta Iya Ajuma.

Kada a ɗauki alhakin tsohuwar nan, ba muguwa ba ce. Ita ke shiga daji da ƙugunta mai ciwo ta yo itace, ta dafa ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kan Kubra sai ta ga gindin ƙwarya. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, kunya. Ɗan fari ai ba na uwarsa ba ne a idon mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa gaban manya, in an miƙo mata shi sai ta kau da kai, a yi ta lallashi kafin ta ba shi nono. A ɗakin uwarta yarinya takan yi raɗa a ji ta. A gidan miji, ina.

Yaron ya zo ɗan ƙarami, bai cika watanninsa ba. Aka tatse dakashi, nonon farko, aka zubar kamar yadda aka saba, aka riƙa ɗiga masa ruwa, har ranar da tsofaffi suka ce nonon ya wanku. Ya kama ya ɗan ja, barci ya ɗauke shi. Daga nan fa sai barci. Iya Ajuma ta shimfiɗe shi a bayanta, ta rufa masa zane, 'yan barka na shigowa suna leƙawa suna sa albarka. Yaro mai haƙuri, in ji su, bai zo da rigima ba.

Kubra tana kwance fuskarta ga bango, amma kunnenta na wajensa. Ta ga tsumman da ake shimfiɗa masa da safe har azahar a bushe yake. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa, nono na jiƙa mata zane, wanda aka yi dominsa kuwa bai nema ba. Tsoro ya kama ta.

Da ɗakin ya rage su biyu ta yi ƙarfin hali, idonta a ƙasa.

"Iya, abin nan har yanzu bai motsa ba."

"Wane abu?" in ji Iya Ajuma, tana dariya. "Tun yanzu, ɗiyata? Ko cibiya ba ta faɗi ba kin fara tambaya? Bar shi shi yi kwana nai. Ba a tada jinjiri. In shina kwana kurwatai yawo takai, ki tashe shi a firgice ta ɓace hanya. Yunwa ta kama shi, da kainai za shi yi kuka."

Kunya ta rufe Kubra, ta ja zane ta lulluɓe kai. Ta jira kukan. Bai zo ba.

Washegari da hantsi Zalihatu ta shigo, wata Bafulatana da ke kawo musu nono daga rugarsu. Ta karɓi yaron don barka, ta shafa tsakiyar kansa, ta ji maɗigar ta loɓa. Sai da Kubra ta zaga bayan gida ta bi ta.

"Mu in maraƙi ya kwanta bai nemi uwa ba, ɗaga shi muke yi mu kai bakinsa ga hantsa," in ji ta. "Wanda ƙarfinsa ya ƙare ba ya kuka. Ki kware masa zanen, ki sosa tafin ƙafarsa, ki shafa masa ruwa a fuska. Kada ki bari rana ta yi tsaka."

Kubra ta dawo da niyyar yin hakan. Tana sa ƙafa a ɗakin ta tarar ya cika, gwaggwannin Jibo sun iso daga Ɗan Kassari, sun baje tabarmi, yaron na can ƙurya a bayansu. Ta tsaya a bakin ƙofa. Babbarsu ta dube ta ta ce kai, wannan yarinya akwai kunya, ko gefen da yake ba ta kallo. Sauran suka yi ta yabo. Kubra ta wuce shimfiɗarta ta kwanta, ta ce wa ranta bari su tashi.

Ba su tashi ba. Wa zai yi tafiyar nan a ƙasa ya tashi da wuri? Suka sha fura, suka tsine wa hanyar Nasara da wanda ya kawo ta, suka lissafa gonakin da suka kwana ba noma, suka koma kan wa ya dawo daga aikin da tari, wa bai dawo ba. Rana ta yi tsaka ta karkata. Kubra na jin kowace kalma, tana jin haushin su, tana jin haushin kanta fiye da nasu.

Da la'asar ta miƙe. Ta tsallake ƙafafun gwaggwanni, ta sunkuya ta ɗauki ɗanta.

"Ke, mi kike yi haka?" in ji Iya Ajuma.

Kubra ta rungume shi. Ta zauna a gabansu ta kware zanen, ta sosa tafin ƙafarsa, ta tsoma hannu a ƙwarya ta shafa masa ruwa. Jikinsa ya saki kamar tsumma. Ta matsa nono a leɓensa, tana kiransa da duk abin da ya zo bakinta, ɗana, ɗana, gaban kowa. Can ya buɗe ido. Ranar ce ta fara ganin idonsa sosai, irin na Jibo ne. Ya kama, ya ja kaɗan, sai nonon ya biyo gefen bakinsa ya gangara wuyansa. Ta ci gaba da matsawa tana sosa ƙafar. Kafin rana ta faɗi ya cika a cinyarta.

Aka binne shi a bayan gida, ba suna. Gwaggwanni suka koma Ɗan Kassari da labarin yarinyar da ta fizgo jinjiri daga barci ta kore masa kurwa. Kuka ma ba a bar mata ba, uwa ba ta kukan ɗan fari a ji.

Wankan jego kuwa ba a fasa shi don babu ɗa. Da safe Iya Ajuma ta dafa ruwa ta kai ta bayan ɗaki, tana tsoma ganye tana fyaɗa mata a baya.

"Ni na yafe miki, ɗiyata, ƙuruciya ce," in ji tsohuwar, muryarta a sanyaye. "Kowa da kwanansa. Nawa na fari, wan Jibo, haka shi ma ya yi, kwana, kwana, har ya wuce. Ko ɗaga ido ban yi ba. Har yau in ana zancen kunya a garin nan sai an kira sunana."

Kubra ta juyo ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Iya, ba ki tashe shi ba?"

Hannun tsohuwar ya tsaya a sama, ruwa na ɗiga daga ganyen.

"Uwar mijina na zaune a ɗakin ranar," ta ce.

Ta mayar da ganyen cikin tukunya, ba ta sake fito da shi ba. Suka zauna su biyu har ruwan ya huce, nono na zuba daga ƙirjin Kubra yana bin ƙasa.