Akuyar Bangon Gabas

A banki Jan Biro ake ce mata, a bayan idonta, don babu takardar da za ta bi ta teburinta ta fita ba rauni. A gida kuwa Auta ce har gobe, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Ran Litinin ɗin nan tana zaune a ƙofar ɗakin taro, hawa na shida, tana jiran a kira ta. Shekara goma sha tara tana binciken lissafin rassa, yau ne manya za su gana da ita kan kujerar shugabar sashe. Ta gyara zama ya fi sau goma, ta buɗe fayil ta rufe, sai wayarta ta hau ƙugi a jaka.

Yayarta ce, wadda ba ta taɓa barin unguwar da aka haife su ba.

"Auta, an fa fara shafe zanen Baba."

"Wane zanen?"

"Zane nawa ya rage mana? Na bangon ɗakin karatu. Yanzu muka wuce, rabin kogin ya tafi."

"Wa ya ba su izini?"

"An ce ma'aji ce ta sa hannu."

Ma'ajin ƙungiyar unguwa kuwa ba kowa ba ce, ita ce. Shekara biyu ta yi tana bin masu hali ofis-ofis don a gyara ɗakin karatun nan mai yoyo. Ta tuna takardar sarai: fentin bango, ciki da waje. Ta yi musu a kan bokiti goma sha huɗu har ta zaftare biyu, ta kwana tana yaba kanta. Wane bango ne, ba ta tambaya ba. Rabonta da taka wurin ya kai shekara, taro ta waya, rasit ta hoto. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, mai zanen alluna ne, na masu aski da teloli da bayan manyan motoci. Duk sun bi rana da ruwan sama, sai bangon gabas na ɗakin karatu kaɗai: kogi da masunta, babbar bishiya, yara a gindinta da littattafai. Ita kuwa Auta zane shida ne rataye a falonta, na mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta saye su da tsada a wuraren baje koli.

Ta kira mai fentin, tsohon yaron shagon Baba, wanda suka tashi suna ce masa Kawu. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Ta san halinsa, wayar na aljihun riga, rigar na rataye a ƙusa. Ta sake kiran Yaya.

"Ki koma ki tsayar da shi mana."

"Ina layin asibiti da Inna, in bar ta da wa?"

Sakatariya ta leƙo ta ce, "Ranki ya daɗe, ke ce ta gaba." Auta ta miƙe, ta dubi ƙofar ɗakin taron, ta dubi matakala.

"Ki ce musu uzuri ya taso."

"Wane iri zan ce?"

Sakatariya ba ta ji amsa ba, don Jan Biro ta riga ta kai hawa na biyar, takalmi na ƙwas-ƙwas.

A shataletale cunkoso ya tsaya cak. Ta yi ta bugun sitiyari, kanta na lissafin da ba ta sa shi ba: tsawon bangon kaza, mutum ɗaya yana shafe kaza a minti goma, saura mata abin da bai kai rabin awa ba. Ta cusa motar gidan mai, ta tare mai babur, abin da rabonta da hawa tun tana ɗaliba. Tsoro take ji, ba na faɗuwa ba.

Tun daga bakin layi farin ya doki idonta. Babu kogi, babu masunta, babu bishiya. Kawu na saukowa daga tsani, hularsa duk ɗigon fenti.

"Kawu, hannunka ya iya? Kai da ka tashi a gaban Baba?"

Bai ji haushi ba. Ya goge hannu a tsumma, ya ce, "Sau biyu na aiko miki saƙo, Auta. Duba wayarki."

Ta duba. Ga shi nan, tun makon jiya: "Har da bangon gabas?" Ga kuma amsarta a ƙasa, wadda ta tura tana tafiya daga wani taro zuwa wani: "A bi abin da ke takarda." Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi ta rasa. Kunya ta kama ta, irin wadda ta saba gani a fuskar manajoji in ta zare jan bironta.

"Ki daina zargin kanki," in ji Kawu. "Babanku ba ya hana a shafe nasa. Yakan ce in ba a shafe tsohon allo ba, mai zane da yunwa zai kwana. Wancan ne dai na kasa."

Ya nuna kusurwar ƙasa, inda ya bar wuri kamar faɗin faranti. Wata akuya ce ruwan ƙasa, ƙafafu ba daidai ba, wadda duk unguwa suka haƙiƙance kare ce. Auta ta gane ta. Tana 'yar shekara tara ta saci buroshi ta zana ta, Baba ya dawo ya karɓe buroshin ya ce, "Je ki yi lissafinki, fenti ba ya riƙe gida." Tun ranar ba ta sake zana ko ganye ba. Shekara talatin da ɗoriya tana ɗauke da cewa ya raina hannunta.

"Ai na ɗauka mantawa ya yi bai shafe ta ba."

Kawu ya yi dariya. "Mantawa? Sau huɗu muna sabunta bangon nan da shi. Kogin ya sauya, bishiyar ta sauya. In muka iso nan sai ya kore ni, ya durƙusa da ƙaramin buroshi ya zagaye ta da kansa. Na ce masa ai ko akuyar ba ta san kanta ba, ya ce in kama bakina."

Waya ta sake ƙugi a jaka. Lambar ofis ce.

"To, ke ce mai sa hannu," in ji Kawu. "In shafe, ko in zagaye?"

Ta ajiye jakar a kan tsani, ta cire takalmi, ta durƙusa a ƙasa da kayan ganawa da manya.

"Miƙo min ƙaramin," ta ce.

Farin ya ɗan taɓa kunnen akuyar, ta sa yatsa ta goge. Wayar ta yi ƙuginta ta gaji, ita kuwa ta ci gaba da bin gefen ƙafafun a hankali.